Na Sa Wa Atamfar Lefena Almakashi

Bari in fara da ke, baiwar Allah da kike shigo min shafin nan da sunan Maman 'Yan Biyu. Na ga saƙonki, wanda kika ce in daina yaudarar kaina, in kama gabana tun ina da sauran kasuwa. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Ki gyara zama ki ajiye ruwa kusa, don labarin yau naki ne.

Waɗanda kuma yau suka fara leƙo mu, ga ni a taƙaice. Sunana Bahijja, shekarata ashirin da huɗu, 'yar marigayi Malam Badamasi ce ni a cikin garin Karaye, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Turawa. Wanda zan aura sunansa Bahauddeen, tela ne a Rogo Sabon Gari, irin telan da in ya yi miki ɗinki sai kin juya rigar kin duba cikinta don daɗi. Saura sati uku ɗaurin aurenmu, lefe har ya iso gidanmu, yana dawowa daga kai ɗinkin wani biki a kan babur, saniya ta faɗo masa titi. Ƙafafu biyu suka karye, ta hagu a cinya, ta dama a idon sahu. Aka fara kai shi wajen mai ɗori, ɗorin bai zauna ba, sai da aka kwashe shi zuwa asibitin ƙashi a Kano aka sa masa ƙarfe. Wata bakwai ke nan. Likita ya ce ƙashi ya haɗe, abin da ya rage ya riƙa motsa ƙafar kullum, in ya dage zai taka ko da sanda. Shi kuwa gogan naku ya juya wa duniya baya, ya kama kallon bango.

Ranar Laraba na dawo daga makaranta wajen ƙarfe biyu, zafin bazara ya dafa ni, hijabina ya manne min a baya. Ina shiga tsakar gida na hango silifas masu ruwan ƙasa a ƙofar ɗakin Inna. Na Gwaggo Rekiya ne, ƙanwar babana da ke aure a Kafin Dafga. Gwaggo ba ta taɓa shiga mota don gaisuwa kawai ba.

Na durƙusa. "Sannu da zuwa, Gwaggo. Ina wuni? Ya mutan gida?"

"Lafiya lau. Zauna nan, ba sai kin cire hijabin ba, maganar ba doguwa ba ce."

Akwatunan lefena huɗu suna jere a ƙarshen gadon Inna, an lulluɓe su da tsohon zanen gado mai furanni tun ranar da aka ɗage bikin. Gwaggo ta ɗora hannu a kan na sama tana bubbugawa, kamar mai taya rago a kasuwa.

"Baffanki Daudu ya yanke magana. Ba wannan Asabar ɗin ba, ta sama, za mu zo mu duba kayan nan a mayar wa mutane abinsu."

"A mayar? Mutuwa ya yi, Gwaggo?"

"Bahijja!" Inna ta daka min tsawa, amma idonta na ƙasa.

"Bar ta, Hajo, ai boko ne," in ji Gwaggo. Ta juyo gare ni. "Bai mutu ba, amma me ya rage? Namijin da ƙanwarsa ke kai masa buta har bakin gado? Tela ba ƙafa ai manomi ne ba fartanya. Kuma ba mu muka fara ba, 'yar nan, shi ya aiko. Uwarsa ta kira Baffanki tana kuka, ta ce yaron ya ce a sallame ki, ba zai tauye ki ba. Ko bai faɗa miki ba?"

Ya faɗa min mana. Tun ranar Litinin saƙon yake cikin wayata, na karanta shi har na haddace:

"Bahijja, na yafe miki alkawari, ni ma ki yafe min. Kada ki ƙarar da ƙuruciyarki a kan mutumin da ba zai iya taka keke ba. Allah Ya haɗa ki da wanda ya fi ni. Kada ki kira."

Na kira sau goma sha tara, bai ɗaga ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, masu karatu, maganar Gwaggo ba ta yi min zafi kamar wannan saƙon ba. Da dangi ne kawai suka taso min, da na san yadda zan yi da su, ai ba yau muka fara ba. Amma mutumin da kike tare masa faɗa ya ajiye sandarsa ya kwanta, to ke da wa za ki yi? Na shiga banɗaki da buta, na yi kukan da ya ishe ni, na wanke fuska na fito kamar ba ni ba.

Bayan la'asar na zagaya bayan gida, inda kakata take da ɗan fili. Kaka Maiturare uwar babana ce, sunan ya bi ta tun tana sayar da turaren wuta, kuma har yau in ta wuce sai kin san ta wuce. Na same ta da sungumi tana saran busasshiyar ƙasa, ƙura na tashi, ga ƙwaryar gero a gefe. Na ɗaga kai na dubi sama, fes, ko alamar hadari babu.

"Kaka, gigin tsufan ne ya fara? Wa ya ce miki an yi ruwa?"

"Ke ce mai gigin, ja'ira mai jan ido. Binne nake yi. Ɗauki ƙwaryar nan ki biyo ni."

'Yan birni, binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a bar shi yana jira a ciki. Ranar da ruwan farko ya sauka, naka ya riga na kowa tsiro. Kaka na sara, ni ina zuba gero ina rufewa da dunduniya.

"In ruwan ya yi jinkiri fa?" na ce. "Tururuwa su kwashe, zabi su tone?"

"Sai ki sake. Kakanki shekara arba'in yana binne, sau shida ya yi asara, ni na sani don ni nake ba shi irin. Amma shekarar da aka yi yunwa, a gidan nan aka fara gasa tumu a duk unguwar." Ta tsaya ta dafa ƙugu tana haki. "Mutane sai su ce suna fata, su je su zauna a gindin darbejiya suna kallon gabas. Wannan zaman kashe wando ne. Mai fata shi ne wanda ya ɗebi abin da zai iya dakawa ya ci yau, ya zuba a ƙasa, ya take da ƙafarsa. In ba ki sa komai a ƙasa ba, me kike jira ruwa ya tsirar miki?"

Na gane ta ji duk abin da aka yi a ɗakin Inna. Kunnen Kaka ba ya toshewa sai in an ce ta sha magani.

"Shi da kansa ya ce ya haƙura, Kaka."

"Ƙasar nan ma in kin tambaye ta a watan nan, ce miki za ta yi ta mutu." Ta ci gaba da sara. Sai da muka kai ƙarshen layin ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Zamaninmu dai, kayan aure in almakashi ya taɓa su, sun zama na gida. Ni ban ce ki yi komai ba, gero nake shukawa."

Kwana biyu maganar tana yawo a kaina. Ranar Asabar da safe, Inna na madafi tana dama kunu, na ɗauko mukullan daga cikin gwangwanin da take ɓoye su, na buɗe akwati na biyu. Ƙamshin sabon kaya ya buge ni. Na ɗaga leshi mai ruwan zuma, na ɗaga shadda, na ɗaga mayafai, sai ga ta a ƙasa: atamfa koriya shar mai zanen ganye ruwan ƙwai. Duk kayan lefen yayyensa mata suka zaɓo, wannan kaɗai shi ya je Kano ya zaɓo da kansa, ya ce ba telan da zai taɓa ta sai shi. Na shimfiɗa ta a kan gado, na auna yadi biyu daga hancina zuwa yatsana yadda na ga yana yi. Na yi bisimilla na sa almakashi.

Ina kaiwa ƙarshe na ji motsi. Inna ce tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Inna."

Ta daɗe tana kallon atamfar, sannan ta kalle ni. Tun rasuwar Baba, Inna ba ta taɓa ɗaga murya a gaban danginsa ba, ko da kuwa ita ce da gaskiya.

"Ki mayar da almakashin inda kika ɗauko. Ni ina madafi, ban ga komai ba." Ta juya, sai kuma ta tsaya. "Ki zo ki zuba kunun gyaɗar nan a fulas. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana."

Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, na cusa yadin a leda tare da tsohuwar rigata ta awo, na nufi tasha. Motar Rogo ta matse ni tsakanin buhun taki da wata mata mai kaji uku, amma ko a jikina. Mas'uda, ƙanwar Bahauddeen, ƙawata ce tun sakandare, ta hannunta ma na fara aika masa ɗinki har abin ya zama abin da ya zama. Ita ta tare ni a ƙofar gida tana zaro ido.

"Bahijja! Ke kaɗai? Gwaggonki ta sani?"

"Za ta sani. Ina Umma?"

Na shiga na durƙusa na gaida mahaifiyarsu. Ta kama hannuna tana hawaye. "'Yar nan, me ya kawo ki? Ai mun ba ki haƙuri." Na ce mata kunu na kawo, da ɗan saƙo. Ban ƙara ba, don in na ƙara ni ma kukan zan yi.

An mayar da shi shagonsa da ke jikin zaure, saboda nan ne babu dakalin hawa. Muka tsaya a bakin ƙofa ni da Mas'uda. Abin da na fara gani keken ɗinkinsa ne, baƙin keken nan mai takawa da ƙafa, wanda da yake gogewa kullum kamar amarya. An rufe shi da buhu, an jera kwanukan abinci da kwalaben magani a kai. Shi kuwa yana kwance a katifa, fuskarsa na bango, sanduna biyu a yashe a ƙasa ƙura ta hau su.

"Salamu alaikum, Malam Tela. Ɗinki na kawo."

Bayansa ya motsa, amma bai juyo ba. "Mas'uda, ce mata ba na aiki."

"Ai ina ji, kunnena ba a karye yake ba. Naka ma ban ji an ce ya karye ba."

Sai ya juyo. Wayyo Allah, masu karatu. Mutumin da ko zaure ba ya fita sai ya sa hula ya gyara karinta, ga shi gemu ya cika masa fuska, wuya ya zurma, idanun nan duk sun faɗa. Na dafa ƙyauren na ce wa kaina, Bahijja, in kika yi kuka a nan kin kashe shi. Na wurga masa ledar a kan katifa.

Ya buɗe, ya ga koren ganyen nan, ya tashi zaune da sauri har sai da ya cije leɓe.

"Yankawa kika yi? Bahijja, kin san kayan da za a mayar ne?"

"Shi ya sa. Ga rigar awo nan a ciki. Na ɗan rame, ka rage kaɗan a ƙugu, kai ka jawo. Wuya zagaye, hannu dogo. Asabar mai zuwa nake so, kafin la'asar."

"Da wace ƙafar?"

"Da wadda likita ya ce ka riƙa motsawa kana ƙi."

Ya yi wata dariya mai ɗaci. "Ba ki san azabar ba ne. In na sa ƙafar nan a ƙasa, ji nake kamar ana soka min allurar keke har ƙwaƙwalwa. Kowa ya zo sai ya ce min in da rai da rabo, ya tashi ya fita da ƙafafunsa biyu. Na gaji da in da rai da rabo, Bahijja. Ki tafi."

"Ni ban zo in ce maka komai ba, aiki na kawo. Ranar da ka fara zuwa zance gidanmu, ka ce min duk telolin ƙasar nan maƙaryata ne ban da kai, ka tuna? To ka ji. In ka janye da gaske, ka aiko min da yadina yadda na kawo shi, zan gane, kuma wallahi ba zan ƙara kiranka ba. In kuwa da saura, riga nake jira."

Ban tsaya jin amsa ba. A zaure na kama hannun Mas'uda na ce ta kwashe kwanukan nan daga kan keken, ta sa masa mai, ta matsar da shi kusa da katifa, kuma kada ta faɗa min komai sai ranar Asabar, mai daɗi ko marar daɗi. A motar dawowa na yi kuka har wata tsohuwa ta dafa ni tana cewa Allah Ya ji ƙan musulmi, ta ɗauka rasuwa aka yi min.

Satin nan na ga ta kaina. Kullum ina idar da sallar asuba zan tura masa kalma ɗaya: "Rigata." Ya karanta, shiru. Lahadi shiru, Litinin shiru, Talata shiru. Ranar Laraba ko buɗe saƙon bai yi ba, kuma ranar ce na kusa karaya. Na zauna a ofishin malamai, Malama Munawwara ta kama ba ni labarin wani ɗan uwan mijinta da aka yanke wa ƙafa bayan shekara guda, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Na kwashi littattafaina na koma gindin bishiya, kuma daga ranar ban ƙara zama kusa da ita ba. Wanda yake riƙon fata sai ya san wa yake ba kunnensa.

Da na koma gida na tarar zabin maƙwabta sun tone wa Kaka rabin binnenta. Na zata zan same ta tana zagi. Tana zagin kuwa, amma da sungumi a hannu. Na ajiye jaka na ɗauki ƙwarya muka sake. Abin da na lura da shi a kwanakin nan shi ne, duk ranar da na zauna ina lissafin abin da zai iya faruwa, ko abinci ba na iya ci. Ranar da na tashi na yi wani abu da hannuna, ko da tura kalma ɗayan nan ce, ko rufe rami goma da dunduniya, sai in ci tuwo in side kwano, in shiga aji in yi wa yara dariya. Na yi addu'a kamar ban yi komai ba, na yi abin da zan iya kamar ba ni da kowa. Ban san ko zai ɗinka ba. Na dai san ni ba zan zama wadda ta fara yanke ƙauna ba.

Asabar ta zo. Ƙarfe goma sha ɗaya Gwaggo Rekiya ta iso da mata biyu na dangi, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar tsakar gida, aka fito da akwatunan. Baffa Daudu, yayan babana kuma waliyyina, yana zaure yana jiran a gama ya nemo mota. Ni ina zaune a bakin ɗaki ina tsince shinkafa. Akwati na farko lafiya. Suka buɗe na biyu, Gwaggo ta ɗaga leshi, ta ɗaga shadda, ta ɗaga koriyar atamfar, ta warware ta.

"Innalillahi! Hajo! Wane ɗan iskan ne ya yanka wannan?"

"Ni ce, Gwaggo."

Faranti ya kusa suɓuce min da irin kallon da ta yi min. Ta miƙe, ɗankwali ya zame. "Ke? To ki ji da kyau, marar kunya. In kina taƙama kayan da aka yanka ba ya komawa, wannan zancen tsofaffi ne. Gobe-goben nan zan aika Kano a nemo irinta a maye gurbi. Yaya! Yaya Daudu, shigo ka ga abin da 'yar ƙaninka ta aikata!"

Baffa ya yi gyaran murya ya shigo. Manomi ne, dogo, ba ya son magana biyu. Aka ba shi kujera, na matso na durƙusa a gabansa. Ya dubi atamfar, ya dube ni.

"Ina sauran?"

"Yana Rogo, Baffa. Na kai masa ya ɗinka min riga."

Matan suka sa salati. Baffa ya ɗaga hannu suka yi shiru.

"Bahijja, ni ba zan raba ki da wanda kike so don ƙafa ba, ƙafa ta Allah ce. Amma yaron nan shi ya ce ya janye. Ba zan bar 'yar ƙanina tana bin wanda ya ce ba ya yi ba."

"Baffa, ciwo ne ya yi magana, ba shi ba. Na ce masa in ya janye ya aiko min da yadin yadda yake, in bai janye ba ya aiko da riga kafin la'asar ta yau. Ina roƙonka a jira la'asar. In yadi ya zo, ni da kaina zan ɗora akwatunan nan a mota."

"Ji min yarinya!" in ji Gwaggo. "Mu za ki zaunar?"

"Ku ci abinci," in ji Baffa, ya tashi ya koma zaure.

Ban taɓa sanin azahar zuwa la'asar tana da nisa haka ba. Na duba wayata ya fi sau ɗari, babu komai. Inna ta kawo shinkafa da wake, na kasa ci. Kaka na zaune a kan turmi tana cin goro kamar ba ta san me ake yi ba. Aka kira la'asar, aka yi salla, aka shafa. Gwaggo ta fara rufe akwatuna tana waƙe-waƙenta ƙasa-ƙasa. Ta yafa mayafi ke nan muka ji babur ya tsaya a waje, sai sallamar Mas'uda.

Ta shigo duk ƙura, ta gaida kowa a gurguje, ta miƙo min baƙar leda. Ledar nan shafal, ba nauyi. Na leƙa na ga koren yadi a ninke. Na ce shi ke nan, Maman 'Yan Biyu ta yi gaskiya. Na sa hannu na zaro, na girgiza.

Riga ce. Wuya zagaye, ƙugu a rage. Hannu ɗaya dogo, ɗaya gefen kuwa rami ne kawai, ba a sa masa komai ba. Na juya cikinta yadda na saba. Ɗinkin Bahauddeen da yake miƙe kamar an ja da rula, ga shi a karkace kamar hanyar tururuwa, wani wurin an farke an sake har sau uku, ga ɗigon man keke a kafaɗa. Ban taɓa ganin mummunan ɗinki irin wannan ba, kuma ban taɓa rungume wani tufafi yadda na rungume shi ba.

Gwaggo ta fashe da dariya. "Wannan ce rigar? Ai ko ni na fi shi. Da hannu ya juya keken, ko kuma ya ba wani ya yi masa."

"Bahijja, duba wayarki," in ji Mas'uda. "Ya ce sai na iso zai turo."

Saƙon murya ne. Baffa ya riga ya shigo yana tsaye. Na ƙure ƙarar na danna.

Da farko shiru. Sai ƙarar keke, kat, kat, ta tsaya. Sai nishi, irin wanda namiji ba ya so a ji. Sai muka ji ya ce bisimilla. Kat, kat, kat, sai keken ya kama gudu, ƙarfen takawar yana bugawa a ƙasa, sama da ƙasa, sama da ƙasa, ƙarar da duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar shagon tela ya san hannu ba ya fitar da ita. Ya yi ta gudu har ya tsaya da kansa. Sannan muryarsa, yana haki:

"Ki gaida min da Baffa. Saura hannu ɗaya. Ƙafar ce ta kumbura, Umma ta ƙwace zaren ta ɓoye. Yau ne karo na farko da na saɓa alkawarin ɗinki, ki yi haƙuri, Hajiya. Kada a taɓa min akwatunana."

Inna ta juya baya tana share ido da bakin zane. Kaka ta tofar da goro ta ce, "Ja'iri."

"Sake sa min," in ji Baffa.

Na sake. Ya saurara kansa a sunkuye, ya karɓi rigar ya juya ta a manyan hannayensa, ya bi karkataccen ɗinkin da babban yatsa.

"Rekiya, a mayar da kayan nan ɗaki."

"Yaya! Saboda rigar da ba hannu?"

"Na ce a mayar." Ya juyo gare ni, fuskarsa ba wasa. "Ke kuma ki faɗa masa, hannun da ya rage ba na son a aiko min da shi. Shi zai kawo. Ya sauka a mota a bakin titi, ya shigo zauren nan da ƙafarsa, ko da sanda, ba mai riƙe shi. Na ba shi daga yau zuwa ranar da zan sa fartanya a gonata noman farko. In ya wuce, Bahijja, ba zan sake zama a kan maganar nan ba."

Gwaggo ta figi jakarta ta ce za mu gani. Ni ma na ce a raina, za mu gani ɗin.

Suna fita na shiga ɗaki na cire rigar jikina na zura koriyar. Ta matse ni a hammata, hannuna na hagu a waje tsirara, na ɗora hijabi a kai na fito. Na wuce Inna, na wuce Kaka, na bi ta zaure har bakin titi inda mota ke tsayawa. Na juyo na fuskanci gidanmu, na fara takowa a hankali, ƙananan taku irin na mai sanda, ina ƙirgawa. Maƙwabta na kallona, ko oho. Na kai tsakiyar zaure daidai inda Baffa ke shimfiɗa buzunsa, na tsaya, na ciro waya na rubuta masa sharaɗin Baffa duka, ban rage komai ba. A ƙarshe na sa: "Taku goma sha huɗu ne."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Na jingina da bangon zaure ina jin zaren ɗinkinsa yana sukata a haƙarƙari. Sai saƙon ya shigo.

"Ɗazu da Mas'uda ta fita na ɗauki sandunan. Na yi uku na faɗi."

Na goge idona da hannun rigar guda ɗaya da nake da shi, na rubuta masa: "Saura sha ɗaya. Tashi."